Baƙin Allo: Dodo Ne, Ko Kuwa Shiru-Shiru Ne Kawai?

  

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare, wadda ta fara koyon yaren Python a wayar yayanta. Ta ce ta ga masu rubuta manhaja suna neman kuskure a kan wani baƙin allo wanda babu hoto, babu wurin dannawa, sai rubutu zalla. Wasu sun gaya mata abin wasan yara ne, wasu kuma sun ce kada ma ta kusance shi sai ta shiga jami'a. Shi ne take son sanin wa ke da gaskiya.

Kafin amsa, bari mu daidaita kalmomi. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja, ko da layi biyar ne na BASIC a ɗakin kwamfutar makaranta, ya san ba kasafai take yin abin da ake so a karon farko ba. Kuskuren da ke ɓoye a cikinta shi Turawa ke kira bug, wato ƙwaro. A ranar 9 ga Satumba, 1947, masu aiki da wata katafariyar kwamfuta mai suna Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka sun tsinci ƙwaro na gaske, irin mai zagaya fitila da dare, ya maƙale a cikin injin. Suka cire shi suka manna a littafin aikinsu, kuma har yau littafin yana ajiye a gidan tarihi a birnin Washington. Sai dai ba daga nan kalmar ta samo asali ba, domin tun a 1878 Thomas Edison yana kiran matsalar inji da wannan suna.

Manhajar da ake farautar ƙwaron da ita kuwa, ita ce dibaga. Ni na fi son in kira ta mai bin sawu, saboda aikinta ya yi kama da na mutumin da ake kira idan an kore wa wani shanu cikin dare: ba ya zama ya yi ta hasashe, ƙasa yake duba, taki bayan taki, har ya ga inda aka karkata. Abu uku take ba ka dama ka yi. Ka tsayar da manhajarka a duk layin da ka ga dama. Ka sa ta tafi layi ɗaya-ɗaya kana kallo. Sannan ka caje aljihunta, ka ga wace lamba take riƙe da ita a daidai wannan lokaci. Akwai mai tagogi da launuka wadda ake sarrafawa da linzami, akwai kuma wadda sai dai ka rubuta mata umarni ta ba ka amsa a rubuce. Ta biyun ita ce maganarmu ta yau.

Abin da ke ba ni dariya shi ne, yawancin masu tsoron baƙin allo kullum suna amfani da ɗan'uwansa. Idan ka danna *310# a waya don ka ga ragowar kuɗinka, ko *323# don ka ga ragowar data, me ka yi? Ka rubuta umarni, ka aika, an ba ka amsa a rubuce. Babu hoto, babu launi. Kuma idan ka manta lambar, wayar ba za ta tuna maka ba, sai dai ta zuba maka ido. Kakanninmu da ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba suna yin wannan ba tare da gumi ba. To layin umarni ke nan.

Bari mu gwada da ainihin aiki, tunda gani ya kori ji. A ce malamin aji ya sa ki rubuta 'yar manhajar da za ta fitar da matsakaicin makin ɗalibi a darussa biyar. Kika rubuta wannan, kika ajiye shi da suna maki.py:

maki = [62, 75, 48, 90, 55]
jimla = 0
for i in range(1, len(maki)):
    jimla = jimla + maki[i]
print(jimla / len(maki))

Kika kunna, ta ba ki 53.6. Babu jan rubutu, babu ƙorafi, ta yi aikinta ta koma gefe. Amma ɗauki biro ki tara: 62 da 75 da 48 da 90 da 55 sun kama 330, a raba gida biyar, 66 ke nan. A tsarin maki irin na WAEC da makarantu da yawa ke bi, 66 B3 ne, 53.6 kuwa C6 ne. Wato manhajarki ta sauko da yaron mutane daga B3 zuwa C6 cikin ruwan sanyi, kuma idan da ita aka yi wa aji guda lissafi, kowa an zaftare masa. Irin wannan kuskure mai shiru ya fi wanda ke kashe manhaja nan take haɗari, domin shi wancan aƙalla yana yin kururuwa.

Python tana zuwa da nata mai bin sawun a cikinta, sunansa pdb, ba sai an sauko da komai ba. A baƙin allon sai ki rubuta:

python -m pdb maki.py

Zai nuna miki layin farko da 'yar kibiya a gabansa, ya tsaya yana jiranki. Ki rubuta b 4. Wannan shinge ne kika kafa a layi na huɗu, kamar shingen jami'an tsaro a kan hanya: duk lokacin da manhajar ta iso nan, dole ta taka birki. Ki rubuta c, wato ta ci gaba da tafiya. Za ta ruga ta tsaya a shingen. Yanzu sai caje. Ki rubuta p i, zai ce 1. Ki rubuta p maki[i], zai ce 75.

Tsaya nan. Wannan ne karo na farko da aka iso shingen, amma makin da ke hannunta 75 ne. Ina 62 ya shiga? An tsallake shi. Dalili kuwa, Python daga 0 take fara ƙirga abin da ke cikin jeri, ba daga 1 ba. A wurinta 62 shi ne na 0, 75 shi ne na 1. Da kika ce ta fara daga 1, kin ce ta bar makin farko a baya ke nan. Shi ya sa ta tara 268 maimakon 330. Ki rubuta q ki fita, ki mayar da 1 ɗin nan ya koma 0, magana ta ƙare.

Ku ƙirga haruffan da muka yi aiki da su: b, c, p, q. Ku ƙara n, mai matsawa layi ɗaya gaba, da s, mai kutsawa cikin wani ƙaramin aiki da aka kira, da l, mai nuna layukan da ke kewaye da inda ake tsaye, da h na neman taimako. Takwas ke nan. Wanda ya haddace jadawalin sau bakwai ba zai ce haruffa takwas sun gagare shi ba. Ta wannan fuska, masu cewa abin yana da sauƙi ba su yi ƙarya ba.

Amma ban yarda da su ɗari bisa ɗari ba, kuma ga dalilina.

Ku sake duba abin da ya faru a sama. Ba pdb ne ya ce a kafa shinge a layi na huɗu ba, mu muka zaɓa. Ba shi ya ce a duba i ba, mu muka tambaya. Da ya ce 75, bai ɗaga jan tuta ba, bai ce ga ɓarawon nan ba. Mu ne muka san 62 ya kamata ya fito, shi ya sa 75 ya zame mana labari. Wanda bai san abin da ya kamata ya gani ba, zai kalli 75 ɗin nan ya gyaɗa kai ya wuce. Mai bin sawu na tagogi aƙalla yana baje maka duk lambobin a gefen allo kamar kayan tireda, ko ba ka nema ba idonka zai iya faɗawa kan wanda ya karkace. Na baƙin allo kuwa kamar babban shagon sari ne mai rufaffen sito: komai akwai, amma sai ka ambaci sunan abin da kake so za a miƙo maka. Wahalar gaske ba ta cikin haddar umarni. Tana cikin sanin tambayar da za ka yi, kuma wannan ba ya samuwa sai ka riƙe hoton manhajar a kanka, ka san abin da kowane layi ya kamata ya haifar.

Bayan wannan akwai ƙananan tarkuna waɗanda, a ganina, laifin kayan aikin ne, ba na mai koyo ba. Idan manhajarka ta kai ƙarshe a cikin pdb, ba ya sallamarka, sai ya sake ɗauko ta daga layin farko, sabon shiga ya yi ta zagaye yana mamakin me ya hana abin ƙarewa. Idan ka sa wa wani mazubin lamba suna n ko c, ka rubuta n kana son ganin abin da ke ciki, shi a wurinsa ka ce ya matsa gaba ne, sai ka ga an wuce wurin da kake son dubawa. Dole sai ka ce p n. Idan kuma ka danna s a inda n ya dace, sai ka tsinci kanka tsundum a cikin rubutun wasu mutane da ba ka taɓa gani ba, kamar wanda ya bi kwatance ya faɗa gidan da ba nasa ba. Duk bayanin da zai yi maka kuma da Turanci ne, gajere, irin na wanda ake bi bashin magana. Ga ɗalibin da Turancin ma yanzu yake fama da shi, wannan kaya ne a kan kaya, kuma bai kamata manya su riƙa yi kamar babu shi ba.

Wannan duk pdb ne, ƙaramin cikinsu. Babban yaya shi ne GDB, wanda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, kyauta ga kowa, kuma har yau shi ne madogarar masu rubutu da yaren C da C++. Littafin bayaninsa ɗaruruwan shafuka ne. Da ka buɗe shi, kafin ya ce maka komai mai amfani sai ya fara karanto maka bayanin lasisi. Idan ka manta ka sa alamar -g lokacin da kake juya rubutunka zuwa yaren inji, ba zai san sunayen mazubanka ba, ba zai san lambar layi ba, sai ya riƙa jefo maka adireshin ƙwaƙwalwar kwamfuta, dogayen lambobi gauraye da haruffa. Idan kuma an juya manhajar ta hanyar da ke ƙara mata sauri, kana iya tambayarsa wata lamba ya ce maka an share ta don rage nauyi, babu ita. Duk wanda ya ce wannan wasan yara ne, ko dai ya manta ranarsa ta farko, ko kuma burga yake yi.

Amma a wurin GDB ɗin ne kuma za ka ga ranar abin. Manhajar C idan ta taɓa wani yanki na ƙwaƙwalwa da ba nata ba, faɗuwa take yi nan take, ta bar maka kalmomi biyu kacal, Segmentation fault. Ba ta faɗi layi ba, ba ta faɗi dalili ba. Idan layukanka ɗari biyar ne, sai ka rasa ta ina za ka fara. Ka buɗe ta cikin GDB, ka rubuta run, ka bari ta sake faɗuwa, sannan ka rubuta bt. Haruffa biyu. Zai jero maka layin da ta faɗi, da aikin da ya kira wannan layi, da wanda ya kira shi, har zuwa tushe. Abin da zai iya cinye maka yini ya koma minti ɗaya. Akwai kuma umarnin watch, wanda ni a wurina ya fi kowanne daɗi: ka ce masa ya sa ido kan mazubi kaza, duk layin da ya taɓa shi a tsayar da manhajar. Kamar ka ajiye mai gadi ne a bakin rumbu. Amfaninsa shi ne, sau da yawa inda manhaja ta faɗi daban, inda aka yi mata taɗiya daban.

To tunda akwai mai tagogi, me ya sa mutum zai wahalar da kansa? Da farko dai, ku sani cewa da yawa daga cikin tagogin nan riga ce kawai. Idan ka danna maɓallin bin sawu a Code::Blocks, GDB ne ke aiki a ƙarƙashi, taga tana tura masa umarnin da kai za ka iya rubutawa da hannunka. Xcode na kamfanin Apple shi kuma LLDB yake amfani da shi, wani ɗan'uwan GDB. Ranar da rigar ta yage, wanda ya san abin da ke ciki ne kawai zai ci gaba da aiki.

Sannan akwai halin da mu muke ciki. Manyan manhajojin tagogi suna son kwamfuta mai ƙarfi da data mai yawa kafin a sauko da su. Tsohuwar kwamfutar da aka gada daga wani kawu, wadda ke nishi kafin ta buɗe shafi ɗaya, za ta ɗauki pdb ba tare da ta ji a jikinta ba. Wayar Android ma tana iyawa: akwai manhaja mai suna Termux da ke ba ka baƙin allo a waya, ka rubuta pkg install python, shi ke nan kana da Python da pdb a aljihu. Na san makarantun kwana ba sa barin waya, kuma ba ni zan ce ku karya doka ba, wannan aikin hutu ne, da izinin mai wayar. Haka nan manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da ayyukan bankuna, yawancinsu babu allo ko linzami a jikinsu, suna jere ne a wasu ɗakuna masu sanyi, ta rubutu ake shiga cikinsu daga nesa. Wanda ke son yin aiki da su wata rana, babu makawa sai ya saba da rubutun.

Misali mafi nisa da na sani shi ne kumbon Voyager 1, wanda hukumar NASA ta harba a 1977. A watan Nuwamba na 2023 ya fara aiko da saƙo marar ma'ana, alhali yana nesa da mu da fiye da kilomita biliyan 24. A lokacin, saƙo daga duniya yakan ɗauki kimanin awa 22 da rabi kafin ya isa, amsa ma haka. Babu mai zuwa ya buɗe shi ya duba. A watan Maris na 2024 injiniyoyi suka aika masa wani umarni, abin da ya dawo ya zama kwafin duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ɗaya daga cikin kwamfutocinsa. Da suka bi lambobin suka kwatanta da yadda ya kamata su kasance, suka gano wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwar ya lalace. Suka kwashe umarnin da ke zaune a wurin suka rarraba shi a wasu sassa masu lafiya, a watan Afrilu kumbon ya dawo yana magana daidai. Ba GDB suka yi amfani da shi ba, kayan aikinsu daban ne, amma tsarin shi ne wanda muka bi da makin ɗalibinmu: tambayi inji abin da yake riƙe da shi, ka kwatanta da abin da ya kamata. Bambancin, su duk tambaya ɗaya sai sun jira kusan kwana biyu, saboda haka babu mai yin tambayar banza.

Akwai wasu 'yan gayu a cikinmu, a jami'a sun fi yawa, waɗanda ke ganin duk wanda bai iya baƙin allo ba bai iya kwamfuta ba. Kada su ruɗe ku. Brian Kernighan, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka rubuta shahararren littafin yaren C a 1978, yana cikin masu ra'ayin cewa tunani mai kyau da sa umarnin print a wuraren da suka dace su ne gaba wajen kama kuskure. A misalinmu na sama, da kin sa print(i) a cikin zagayen, da kin ga 1, 2, 3, 4, kin gane babu 0. Ba abin kunya ba ne. Inda print ke gazawa shi ne idan manhaja ta girma: ka sa goma, ka kunna, ka ga ba su ne kake buƙata ba, ka goge, ka sa wasu, allo ya cika da lambobi har ka rasa wanne ne wanne. Mai bin sawu yana barinka ka tsaya wuri ɗaya ka yi tambaya ashirin ba tare da ka taɓa rubutunka ba. Tun daga Python 3.7, wadda ta fito a 2018, ma an ƙara sauƙaƙa shiga: ka rubuta breakpoint() a layin da kake zargi, ka kunna manhajar yadda ka saba, da ta iso wurin za ta tsaya ta miƙa ka ga pdb.

Masu yin QBASIC a darasin kwamfuta, ku ma ba a bar ku a baya ba. Maɓallin F9 yana kafa shinge a layin da kuke kai, F8 kuma yana tafiya layi ɗaya-ɗaya. Ku roƙi malam ya bar ku ku gwada a awa ta gaba. Wanda ya saba da waɗannan biyun, ranar da ya haɗu da b da s zai ga tsofaffin abokai ne suka sauya kaya.

Saboda haka ga amsata ga mai tambaya. Kada ki jira jami'a. Ki fara da pdb, a kan manhajar da ba ta wuce layi goma ba, wadda kin riga kin san amsar da ya kamata ta bayar. GDB ki bar shi sai ranar da kika fara C, domin kafin nan ba ki da abin da za ki tambaye shi. Kuma kafin ki rubuta p, ki faɗa a ranki lambar da kike sa ran gani. Idan ta zo daidai, ki matsa gaba. Idan ta saɓa, kin iso wurin.

Ga aikin gida. Wannan manhaja an so ta tara lambobi daga 1 zuwa 5, wato ta ba da 15, amma 14 take bayarwa:

n = 5
jimla = 0
while n > 1:
    jimla = jimla + n
    n = n - 1
print(jimla)

Ku kafa shinge a layi na huɗu, ku duba n a kowane zagaye. Da gangan na sa wa mazubin suna n, ku tuna tarkon da na ambata. Wanda ba shi da waya ko kwamfuta, ya ja layi a tsakiyar takarda, gefe ɗaya n, gefe ɗaya jimla, ya bi layukan da biro yana rubuta abin da kowanne ya zama, shi ne pdb ɗin da kansa. Ku aiko mini da abu biyu ta hannun editan wannan shafi: lambar da aka tsallake, da alamar da za a gyara a layi na uku. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.